Hatimin Kawu Noboru

Shafi na 17

Masu turo mini saƙo cewa in sassauta wa Minori, ku huta. Ba ni na sa ta rubuta sunan mutum a takardar gwamnati ba tare da ta tambaye shi ba. Ƙafarta ce ta kai ta inda za ku gan ta yau.

Bas ya sauke ta a bakin teku ita kaɗai. A cikin bas ɗin ma ita kaɗai ce tun da suka bar Hachinohe, sai direba da rediyonsa.

Wata biyu ke nan da ta fara makarantar koyon gyaran gashi a Sendai, da rancen karatu na gwamnati. Yanzu masu rancen suna son takardar alkawari: wani na jininta ya tsaya mata, ya buga hatiminsa mai rajista, a haɗa da shaidar hatimin daga ofishin gari. Litinin ce ranar ƙarshe. Yau Juma'a. In ba ta kai ba za a yanke rancen, a ce ta mayar da wanda aka riga aka ba ta, makaranta kuma ta sallame ta.

Akwai kamfanin da ke tsaya wa wanda ba shi da kowa, ana cire masa ladansa duk wata. Tun tana sakandare aka ba ta wannan zaɓin. Amma malamin aji na tsaye a kanta, 'yan aji na ta rubuta sunayen baffanni da gwaggonni, sai ta ji kunyar a san ita ba ta da kowa sai uwa mara lafiya. Ta rubuta sunan wan mahaifiyarta, Noboru Iwadate, mutumin da ba ta taɓa sa wa ido ba. Yanzu lokacin canji ya wuce, uwar kuma ta rasu.

Wata tsohuwa na kwashe ganyen tekun da ta shanya, don hadari ya haɗo.

"Ke 'yan mata, haraji kika zo karɓa ko sabon addini kika kawo? Su kaɗai ke zuwar mana da irin jakar nan."

"Sannu da aiki, Iya. Gidan Iwadate nake nema."

Tsohuwar ta saki ganyen ta ƙura mata ido.

"Ɗago haɓarki in gani. Kai! Rumi ce ta dawo ba ta tsufa ba?"

"'Yarta ce. Sunana Minori."

"Ni ce Sada, ni na goya uwarki. Ina take, 'yar ƙaniya? Ta manta hanya?"

"Ta rasu, Iya. Da sanyin da ya wuce."

Iya Sada ta goge hannu a jikin zaninta, ta sake gogewa, alhali babu komai a hannun.

"Noboru ya sani?"

"Na aika masa kati. Bai zo ba."

"Hm. Ga gidan can, mai shuɗin kwano. Ki ɗaga murya. Ba kurma ba ne, kurumtar ce yake sha'awa."

Noboru na zaune a bakin ƙofa yana ɗinke koma. Dogo ne, busasshe, furfura ta cinye kansa, kuma da gani da kansa yake aski ba madubi.

"Gafara dai."

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Gafara dai, Kawu."

Allurar ta tsaya.

"Ba ni da mai kirana da wannan sunan."

"Ni ce Minori, 'yar Rumi."

"Na gani. Tun daga kan titi na ga tafiyar."

Ta rusuna ta miƙa masa kwalin tsaraba da hannu biyu.

"Ba wani abin kirki ba ne, 'yar alawa ce daga Sendai."

"Haƙoran sun tafi. Kai wa Sada, ita tana da na roba."

Bai matsa ba, bai ce ta shigo ba. Yayyafi ya fara sauka a kafaɗarta.

"Kawu, zan iya kunna wa kakannina turare?"

Ya dube ta. A wajenmu ba a hana mutum gaida matattunsa, ko da ɓarawo ne. Ya janye komar daga hanya.

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Silifa ƙafa ɗaya ce a gidan, tasa, don haka da safa ta taka. Kofi ɗaya a kan tebur. Matashin zama ɗaya. A kusurwa kabad ɗin magabata na buɗe, da hoton wani tsoho da wata tsohuwa waɗanda ba ta taɓa gani ba, amma hancin tsohuwar nata ne. A ƙasan kabad ɗin akwai ɗan aljihu, a buɗe, babu komai ciki.

Ta durƙusa, ta kunna turare, ta kaɗa 'yar ƙararrawa, ta haɗa hannu. Sannan ta juyo ta kai goshinta tabarma.

"Kawu, roƙo ne ya kawo ni."

"Na sani. Ba mai hawa jirgin ƙasa da bas don turare."

Ta faɗa masa komai, goshinta a ƙasa. Rancen, takardar, Litinin.

"Makarantar me kika ce?"

"Gyaran gashi."

"A Sendai."

"E."

"Da rancen gwamnati."

"E, Kawu."

"Kuma kin riga kin rubuta sunana."

"Na rubuta."

"Kin tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

Ya yi wata dariya wadda ba ta da sauti.

"Uwarki sak."

Minori ta ɗago kai.

"Kawu, ni ka zaga, ni na yi laifi. Ka bar Mama ta kwanta. Aiki biyu take yi har ta faɗi. Ko katin sabuwar shekara ba ka taɓa aiko mana ba. Ta mutu, mutum huɗu ne a wajen ƙona gawarta, biyu ma'aikatan wurin ne. Kai kana nan kana ɗinkin koma!"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To ajiye sauran. Ta ce miki ta yi makarantar gyaran gashi?"

"Ta yi. Ita ta koya mini riƙe almakashi."

"Ta ce ta gama?"

"Ta gama. Takardar ce ta ɓata wajen ƙaura."

"Ko shekara ba ta cika ba."

"Ƙarya ne."

"A gidana, a gaban iyayena, za ki ce mini ƙarya ne?"

Ya nuna aljihun nan da ke buɗe.

"Kin ga wancan? Nan nake ajiye hatimina. Lokacin ina bin manyan jiragen ruwa, in mun fita sai mu yi rabin shekara ba mu ga ƙasa ba. Ta zo ta ce, Yaya, ina son makaranta a Sendai, ka tsaya mini. Na ce ki bari in dawo, Inna ba lafiya, wa zai zauna da ita? Ban ce a'a ba. Cewa na yi ki bari in dawo."

"Sai me?"

"Sai jirgina ya tashi da safe, ita ta buɗe aljihu da rana."

"A'a."

"Ni ma wawa ne. Na haɗa hatimi da katin rajistarsa a jaka ɗaya. Kowa ya san ba a haɗa su. Amma haka Baba ke yi, haka na yi. Wa zai yi sata a gaban matattu? Ta kai katin ofishin gari aka ba ta shaida, ba a tambayi fuskata ba, ba a tambayar fuska. Ta kwaikwayi rubutuna, ta buga jan tawada. Ina tsakiyar teku ina jan igiya, ashe na tsaya wa mutum a Sendai."

Minori ta damƙe gefen siket ɗinta.

"Ta tafi. Kafin shekara ta zago ta bi wani mai kaɗa ganga a gidan rawa, ubanki ke nan, in ba a taɓa faɗa miki ba. Ta bar makaranta, ta daina biya, ta canza gida. Baba ya mutu. Masu rance suka nemi wanda ya rage, mai hatimi a kan takarda."

"Me ya sa ba ka ce ba kai ka buga ba?"

"Na je na ce. Suka ce to in ba ni ba ne, laifi ne na ɗauri, in tafi wajen 'yan sanda in faɗi sunan wanda ya yi. Inna na kwance a ɗakin can tana tambayata ko Rumi ta bugo waya. In je in faɗi sunan wa?"

"Sai ka biya."

"Sai na biya. Kuɗin ƙaramin jirgin da nake tarawa ne ya fara tafiya. Akwai wata da take jirana a garin gaba. Ta jira, ta gaji, ban ga laifinta ba. Jikokinta biyu yanzu, suna gaishe ni a kasuwa."

Turaren ya ci rabi.

"Amma Kawu," muryarta ta yi ƙasa, "ai ana soke hatimin da ya ɓata a yi sabo."

"Ana yi. Kafin shayi ya huce an gama."

"To?"

"Ban soke ba."

"Har yau?"

"Har yau. Shi ya sa kika ga 'yar ƙaramar akori-kura a waje, ita kaɗai ake sayar wa mutum ba a nemi babban hatimi ba. Gidan nan har gobe da sunan Baba yake. Sada ta ce ni mahaukaci ne."

"Me ya sa?"

Ya daɗe yana kallon hoton tsohuwar.

"Na ce in na soke shi, na rufe mata ƙofa ke nan. Na ce wata rana za ta sauko daga bas ɗin nan, ta mayar da shi cikin aljihun can, ta ce, Yaya yi haƙuri. Shi ke nan abin da nake so. Ba kuɗin ba. Sai ga katinki na sanarwar rasuwa, mai baƙin gefe."

"Ba ka zo ba."

"Na sa baƙar kwat. Na kai tasha. Na dawo."

Ya share fuska da tafin hannu, da ƙarfi, kamar mai wanke tukunya.

"Wataƙila ma ta jefa shi a kogi tuntuni. Baƙin kaho ne. Baba ya sa aka sassaƙa mini ranar da na fara hawa jirgi, Inna ta ɗinka masa koriyar jaka. Na ciji gindinsa in ga ko kaho ne da gaske, Baba ya kwaɗa mini mari. Tabon haƙorin na nan a jiki."

Hannun Minori na kan jakarta. Ya sandare a wurin.

Ta yi shiru. Ku lura da wannan, masu kare ta: ta ji, ta gane, ta yi shiru.

"Don haka ko ina so, ba ni da abin buga miki," in ji Kawu. "Kuma ba na so. Bas na wucewa nan ba da jimawa ba. Kada ya bar ki, ba ni da shimfiɗar baƙo."

Ta rusuna. Ta sa takalmi. Ta fita cikin yayyafi.

A rumfar jiran bas babu kowa, sai wata kujera da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Ta zauna, ta zuge jaka, ta zaro abin da ke ƙasan kayanta.

Koriyar jaka ce, ta koɗe. Tun tana ƙarama take ganinta cikin akwatin kayan ɗinkin uwarta. Uwar ta ce mata hatimin da ke ciki na Kaka ne, abin tunawa, kada ta yi wasa da shi. Rubutun kan hatimin irin na dā ne mai murɗe-murɗe, yaran yanzu ba su iya karanta shi, ita ma ba ta taɓa gwadawa ba. Da uwar ta mutu, shi kaɗai ta ɗauka daga akwatin. Tana kwana da shi a ɗakinta na Sendai, ɗakin da ba mai magana a ciki sai ita, in ta yi wa kan robar da take koyon yankan gashi a kai sai da safe.

Ta juya gindinsa. Ɗan yatsanta ya san wurin tun kafin idonta ya kai. Haƙori biyu.

A bayansa, cikin jakar, ga katin.

Bai soke ba. Da bakinsa ya faɗa.

Bas ɗin da ke zuwa ta ƙofar ofishin gari yake bi. Ba su rufe ba tukuna. Abin da za a tambaye ta a taga sunansa ne, da adireshinsa, da ranar haihuwarsa. Suna ta sani. Gidan yanzu ta fito daga ciki. Ranar haihuwar kuwa ta fi sanin ta fiye da tata, domin duk shekara in ranar ta zo, da kaka, uwarta kan dafa miyar garinsu, wadda ake karya busasshiyar waina a ciki, ta zuba kwano uku alhali su biyu ne. In Minori ta tambaya sai ta ce, yau kawunki ya ƙara shekara, ci ki yi shiru. Kwano na uku ya huce a kan tebur, da safe a zubar.

Kuma ita ba za ta gudu ba. Za ta gama makaranta, ta biya har ƙarshe, ba zai taɓa sani ba. Haka ta faɗa wa kanta. Haka kowa ke faɗa wa kansa. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki abin wani yana cewa zan cuce shi ba, kowa cewa yake zan mayar.

Bas ya tsaya. Ƙofa ta buɗe.

"'Yan mata, ke ce ɗazu ko? Ziyarar ba ta yi tsawo ba."

Ta sa ƙafa ɗaya a matakala.

"Shigo mana, ruwa na shigo mini."

Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa, koriyar jakar a damƙe. A wannan rumfar uwarta ta tsaya. Wannan jakar ce a hannunta. Ita ma ta ce za ta mayar. Makarantar ba ta yi mata shekara ba, jakar kuwa ta bi ta gida bayan gida har ranar da ta mutu, kuma ba ta sake ganin tekun nan ba.

"Za ki ko ba za ki ba?"

"Yi haƙuri, direba. Na yi mantuwa."

"Bayan ni sai na yamma fa."

"Na ji."

Ta tarar da shi inda ta bar shi. Kwalin alawar da ya ce a kai wa Sada yana kan kabad, gaban hoton iyayensa.

"Bas ɗin ya bar ki?"

Ta wuce shi, ta durƙusa gaban kabad, ta sa koriyar jakar cikin aljihun da ke buɗe. Ta tura shi ya rufu.

Kawu Noboru ya zuba wa aljihun ido.

Ya jawo jiki a kan gwiwa, ya buɗe aljihun, ya kwance bakin jakar. Babban yatsansa ya tafi gindin kahon ya tsaya. Ya kai kan hatimin bakinsa ya hura masa iska mai ɗumi, yadda tsofaffi ke yi in tawada ta bushe, ya danna a bayan hannunsa. Wani ɗan ja-ja ya fito, da ƙyar ake gani. Tawadar da ƙanwarsa ta shafa ce.

"Ita ta aiko ki da shi?"

Da ta ce e, da zance ya ƙare. Shekarun nan duka wannan e ɗin yake jira, kuma ba mai ƙaryata ta, mai ƙaryatawar ta zama toka.

"A'a, Kawu. Cewa ta yi na Kaka ne."

"Ba ta bar saƙo ba?"

"Ba ta bari ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Yaushe kika gane?"

"Tun kana maganar haƙori."

"Kika fita da shi."

"Na fita da shi."

"Da katin."

"Har na sa ƙafa a bas."

"Kin san ranar haihuwata ne? Sai da ita ake ba da shaida."

"Na sani."

"Wa ya faɗa miki?"

Sai ta ba shi labarin miyar, da kwano na uku, da yadda yake hucewa a kan tebur duk shekara.

Kawu ya juya mata baya. Kafaɗunsa suka ɗaga sau ɗaya suka sauka.

"Gishiri take cikawa," ya ce da wata murya. "Tun tana yarinya."

"Har ta mutu tana cikawa."

Ruwa na buga kwanon rufi.

"Kawu, nata ba zan iya faɗa maka ba, ba ta ba ni ba. Nawa zan faɗa. Na rubuta sunanka ban tambaye ka ba. Na fita da kayanka na san naka ne. Yi haƙuri."

"Kin san ban ce zan buga miki ba."

"Na sani."

"Litinin za su kore ki."

"Na sani."

Ya miƙe. Ya sa jakar a aljihun rigarsa, ya danne maɓalli. Ya zura ƙafa cikin takalman roba, ya ɗauki mukulli daga ƙusa.

"Tashi."

Iya Sada na ƙarƙashin rumfarta da suka wuce.

"Noboru da fasinja! Ke jikata, riƙe ƙofar da kyau, tun da ya sayi motar nan ba a taɓa buɗe wannan gefen ba!"

Bai kula ta ba. Motar na warin kifi da man inji. Kujerar da Minori ta zauna a kai sai da ya kwashe igiyoyi da tsofaffin jaridu.

"Kawu, ina za mu?"

"Ofishin gari, kafin su rufe."

Suka wuce rumfar bas. Ya dubi rumfar ta gefen ido, ya dubi gidansa a madubi.

"Daga nan zuwa ƙofata, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba," ya ce. "Uwarki ta rayu ta mutu ba ta iya yin ta ba."

Suka isa ana shirin tashi.

Wanda ya taɓa shiga ofishin gari ya san taga ɗaya ce. A nan ake karɓar shaidar hatimi. A nan kuma ake soke shi. Minori ma ta sani, domin ta karanta allon da ke saman tagar.

"Kawu. Shaida za ka karɓa, ko sokewa za ka yi?"

Ya ajiye katin a kan teburin tagar. Ma'aikaciyar ta ɗauka ta juya shi, ta sake juyawa.

"Baba, irin wannan katin ai tun kafin a ɗauke ni aiki! Amma yana aiki, yana aiki." Ta jawo takardu biyu ta jera a gabansa. "Ta dama ta neman shaida ce, ta hagu ta sokewa. Wacce za a yi maka? Ka yi haƙuri, mun kusa tashi."

Kawu Noboru ya ɗauki alƙalami. Ya juya ya dubi Minori sosai, daga gashi har ƙafa, karo na farko tun da ta zo.

Sannan ya ɗora ƙaton hannunsa a kan ɗaya, ya jawo ta gabansa, ya kare da kafaɗa yadda ba za ta gani ba, ya fara rubutu.